Suna da Wakilci a Dangantakar Nijeriya da Sin da Taiwan

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda sunan ofishi guda a Abuja ya zama ma'aunin dangantakar ɓangarori uku, wato Nijeriya da Sin da Taiwan. Tun 1949 gwamnatoci biyu ke amsa sunan Sin: Jamhuriyar Jama'ar Sin a Beijing, da Jamhuriyar Sin da ta koma tsibirin Taiwan.

2.0 Tarihin Dangantakar

Sin ta riga shigowa ƙasar Hausa ta hanyar harshe, domin Rediyon Beijing ya buɗe sashen Hausa a 1963, shekara takwas kafin a ƙulla hulɗar jakadanci ranar 10 ga Fabrairu, 1971. A watan Oktoban wannan shekara Nijeriya ta goyi bayan ƙuduri mai lamba 2758 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya miƙa wa Beijing kujerar Sin.

Duk da haka, Taiwan ta buɗe ofishin kasuwanci a Legas a 1991, ta mayar da shi Abuja a 2001, yana ɗauke da sunan Jamhuriyar Sin. Sin kuwa ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2013. Ke nan, ofisoshi biyu a birni ɗaya suna amsa suna ɗaya.

A Janairun 2017, yayin ziyarar ministan harkokin wajen Sin, Wang Yi, takwaransa Geoffrey Onyeama ya bayyana cewa ofishin Taiwan zai bar Abuja. A 2018 ya koma Legas da sabon suna, Ofishin Kasuwanci na Taipei. An bar ciniki yadda yake, amma sunan birni ya maye gurbin na ƙasa.

3.0 Kammalawa

Wannan takaddama ta shiga har cikin Hausa. Sashen Hausa na rediyon Sin kan ce "yankin Taiwan na ƙasar Sin", alhali wani mai fassara na iya cewa "ƙasar Taiwan" ko "tsibirin Taiwan". Kalma ta farko da ta biyu kowace ta ɗauki ɓangare, ta uku ce kaɗai ta tsaya ga labarin ƙasa. Saboda haka, wajibi ne masu fassara da masu tsara ƙamus su san nauyin siyasar da ke kan kowace kafin su zaɓa.