Daga Mudu Zuwa Tambarin NIS: Tarihin Tsaron Ingancin Kaya

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, ciniki a ƙasar nan yana da masu tsaronsa. Shari'a ta ɗora wa muhtasibi duba mudu da sikeli da hana algus, dillalai kuma su ne shaidun ciniki. Abin da ya sauƙaƙa musu aiki shi ne kaya a fili suke. A kasuwanni irin na Sanyinna da Tambuwal da Kebbe, gero a tafin hannu ake duba shi, gishirin Foga a lasa, saƙi kuma a ja shi a ji ƙarfinsa.

Da kayan masana'antu suka yawaita sai ido ya gaza. Misali, kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, kuma ba magini da zai iya sanin ƙarfin abin da ke cikin rufaffen buhu sai bayan ya yi gini. Haka wayar lantarki da taya da rodi. Wannan ne ya sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki da Doka ta 56 ta 1971. A 1984 aka sake mata suna zuwa wanda ake taƙaitawa da SON, a 2015 kuma sabuwar doka ta ƙara mata ikon kama jabun kaya da gurfanar da masu su.

Aikinta uku ne: ta rubuta ƙa'idar da kowane kaya zai cika, ta gwada shi a ɗakin gwaji, sannan ta ba da tambarin NIS ga wanda ya ci jarrabawa. Duba mudu da sikeli kuwa yana hannun wani sashe na ma'aikatar ciniki ta tarayya.

Gishiri ya fi komai nuna amfanin wannan aiki. Dattawa sun san yadda maƙoƙo yake a da. Ƙarancin sinadarin aidin ke jawo shi, kuma yana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Daga 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci, ƙa'idar hukumar kuma ta ce miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta, 30 a wurin mai sayarwa. A 2002 aka bi da tilasta sa bitamin A a sukari da fulawa da man girki.

Sai dai ma'aikatan hukuma ba za su iya halartar kowace cin kasuwar ƙauye ba, kuma 'yan jabu sukan kwaikwayi tambari. Don haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai karanta abin da ke jikin buhu da kwali, dattawa kuma su ja kunnen 'yan tireda su riƙa saro kaya daga dilan da aka sani. Gargaɗin Suratul Muɗaffifina a kan tauye awo ya hau kan mai rage rodi kamar yadda ya hau kan mai danne mudu.