Dutsen niƙa da askar wanzami: tarihin addu'a da nassi a wurin Kirista

Duk mai ibada ya san wannan matsala: baki yana addu'a, zuciya kuwa tana kasuwa ko gona. Kiristocin farko sun yi fama da ita, kuma maganin da suka samo ya daɗe ana aiki da shi: a ɗauki ɗan yanki na Littafi Mai Tsarki, a yi ta maimaita shi har ya zama maganar mai addu'ar da kansa.

Labarin ya faro daga hamadar Misira a ƙarni na 4, inda masu zuhudu suka ƙaurace wa birane. Wani matashi, Yohana Kasiyan, ya zauna tare da su shekaru da dama, daga baya ya kafa gidajen zuhudu a Marsey, kudancin Faransa, wajajen shekara ta 415. A cikin littafin da ya tattara hirarrakinsa da dattawan hamada, an kwatanta zuciya da dutsen niƙa wanda ruwa ke juyawa. Ba mai iya tsayar da shi, amma mai niƙa ne ke zaɓen abin da zai zuba, alkama ko ƙaiƙayi. Don haka wani dattijo mai suna Ishaƙu ya ba da shawarar riƙe aya guda daga Zabura ta 70, wadda ke neman agajin Allah cikin gaggawa, a yi ta faɗinta wajen aiki, kan hanya, har barci ya ɗauki mutum.

Talauci ma ya taimaka. A wancan zamani da hannu ake kwafe littafi, sau da yawa a kan fata, kuma ba kowa ke iya mallakarsa ba. Sai hadda ta zama rumbu. Karatun ma da ɗan sauti ake yinsa, leɓɓa suna motsi, shi ya sa marubutan lokacin suke kamanta shi da tuƙar saniya.

A ƙarni na 6 Benedikt, wanda ya kafa gidan zuhudu na Monte Kasino a Italiya, ya mai da wannan al'ada doka. Ya tsara a kammala Zabura 150 duk mako, ya kuma keɓe sa'o'i na kowace rana don abin da ake kira lectio divina da Latinanci, wato karatu mai tsarki. Lokacin azumi ana bai wa kowa littafi guda ya karanta daga farko har ƙarshe, dattijo ɗaya ko biyu kuma suna zagayawa, kada wani ya ɓige da hira.

Wanda ya fayyace matakan shi ne Gigo na Biyu, shugaban gidan zuhudu na Shartaros, kusa da Giranobul, a ƙarni na 12. Ya kira su tsani mai hawa huɗu: karatu, tunani, addu'a, sannan natsuwa a gaban Allah. Da abinci ya yi misali. Karatu sa loma ne a baki, tunani taunawa, addu'a jin ɗanɗano, mataki na ƙarshe kuwa shi ne daɗin da ke ƙosarwa. Abin lura shi ne addu'a ta zo ta uku. Mutum yana saurare tukuna, sannan ya amsa.

Duk wannan a bayan katangar gidajen zuhudu yake. Injin buga littafi, wanda ya fitar da Littafi Mai Tsarki na Gutanbag wajajen 1455, da fassarar Martin Luta zuwa Jamusanci da aka kammala a 1534, suka kai nassi gidajen talakawa. Amma yawan littattafai bai hana zuciya yawo ba. A 1535 Luta ya rubuta wa wanzaminsa, Bitrus, ɗan littafi kan yadda shi kansa yake addu'a. Yakan ɗauki ɗaya daga Dokoki Goma ya murɗa ta igiya huɗu: abin da take koyarwa, godiya a kansa, amsa laifi, sannan roƙo. Ya kuma tunatar da shi sana'arsa: wanzamin da ke aski yana waige-waige zai iya yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro.

A ɓangaren Katolika, Inyas na Loyola, a littafinsa na horon ruhu da aka buga a 1548, ya koyar da mai addu'a ya hasko wurin da labarin Linjila ya faru, kamar yana gani yana ji. A 1965 babban taron Batikan na Biyu ya kira dukan mabiya su riƙa karanta nassi tare da addu'a, abin da ya farfaɗo da tsohuwar hanyar a majami'u da yawa.

Wannan hanya tana da sharaɗi guda: nassin ya kasance cikin harshen da zuciya ke magana da shi, domin ba a tauna abin da ba a fahimta ba. Ga masu jin Hausa, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Tun daga nan Kirista a Maraɗi ko Damagaram zai iya zuba wa dutsensa aya guda da asuba, ya tafi gona da ita a baki.