Mudun Awo: Tarihin Jarrabawar Sakandare a Arewacin Nijeriya



Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, sai a ji gari ya ɗau ɗumi. Jihar da 'ya'yanta suka ci ta yi ta buga ƙirji, wadda nata suka faɗi kuwa ta kafa kwamiti. Bayan mako biyu sai a manta, sai kuma baɗi. Abin da nake so mu yi a yau shi ne mu koma baya mu ga inda wannan mudu da muke auna 'ya'yanmu da shi ya samo asali, don mu san abin da yake aunawa da abin da ba ya iya aunawa.

Ilmin boko na hukuma ya fara a Arewa a 1909, sa'ad da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina. Ba a kafa ta don shirya yara shiga jami'a ba. Malamai ake bukata, waɗanda za su koma lardunansu su koyar. Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello duk ta nan suka bi, kuma dukkansu da alli suka fara aiki. A wancan zamani yaro kan bi ta elemantare, ya shiga midil ta lardinsa, a tsamo 'yan ƙalilan a kai Katsina. Tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa ake yinsu, saboda haka wanda ya kai sama da wuya ya faɗi. Amma fa mu tuna, dubbai aka bari a baya kafin a sami ɗayan nan.

Ita wannan kwaleji ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga nan ta koma Zariya a 1949, ita ce aka sa wa suna Barewa a 1971. A cikin wannan tafiya ta rikiɗe daga makarantar horon malamai ta zama sakandare sosai, ɗalibanta suka shiga ɗaukar jarrabawar Kambirij. A Ingila ake tsara tambayoyin, can kuma ake mai da takardun a duba. Watau mudun na wasu ne, hatsin kaɗai ne namu.

A 1950 Dokta Jeffery na Jami'ar Landan ya ba da rahoton da ya shawarci a kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma. A 1952 aka kafa WAEC, ta haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, Laberiya ta shigo a 1974. Tsarin da aka gada shi ne a haɗa makin darussa shida da yaro ya fi ci, a ba shi daraja ta ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku. Akwai kuma wani sharaɗi mai tsanani: wanda ya faɗi Ingilishi ba ya samun cikakkiyar takardar shaida, ko da ya ƙware a lissafi da kimiyya. A matsayina na malamin Hausa dole in tsaya a nan. Yaron da bai taɓa jin Ingilishi a gidansu ko a kasuwarsu ba, jarrabawa biyu yake yi a zama ɗaya: ta darasin da aka tambaye shi, da ta harshen da aka yi tambayar da shi. Idan ya faɗi, takarda ba ta bayyana wacce ce ta kayar da shi.

Ana dab da samun mulkin kai giɓin da ke tsakanin Arewa da Kudu ya fito fili. A 1957 ɗaliban sakandare a Arewa duka ba su kai 4,000 ba, alhali na Kudu sun haura 28,000. Gwamnatin Sardauna tana son maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa a ofisoshi, ga shi kuwa masu takarda ba su da yawa. Saboda haka duk wanda ya fito da daraja ta ɗaya ko ta biyu, aiki ne ke nemansa. Daga nan ne takardar sakandare ta zama mabuɗin arziki a idon talaka, kuma a lokacin bai yi kuskure ba. Ko bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ƙarancin waɗanda suka cika sharaɗin shiga ya sa daga bisani aka kafa makarantar share fage a Zariya, don a cike abin da sakandare ta bari.

Sai zamanin faɗaɗawa ya zo. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi ƙiyasi, aka ɗebi malaman da ba su gama nuna ba aka zuba su a aji. Bayan shekara shida wannan ambaliya ta iso ƙofar sakandare. Niyyar mai kyau ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure albarkacinta suka ci. Sai dai an gina azuzuwa da sauri fiye da yadda aka gina malamai.

A daidai wannan lokaci mudun kansa ya soma tsagewa. A 1977 tambayoyin jarrabawa suka fita kafin ranarsu, abin da ya sa gwamnati ta kafa kotun bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun. A 1978 aka kafa JAMB, aka ƙara wa yaro wata ƙofa kafin jami'a. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, amma tsananin hukunci bai kashe cutar ba. Tsarin 6-3-3-4 ya kawo sabuwar jarrabawa a 1988, aka daina maganar daraja, aka koma ƙirga kiredit biyar, har da Ingilishi da Lissafi. A 1999 aka kafa NECO mai hedkwata a Minna, ta yi jarrabawarta ta farko a 2000. Ƙofofi suka yawaita, masu gadi suka yawaita, amma abin da ke faruwa a cikin aji bai sami mai dubawa kamar haka ba.

Bari mu duba alƙaluman WAEC na Nijeriya. A 2014 kimanin kashi 31 daga cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar ɗin nan. A 2021 adadin ya haura kashi 81. A 2025 an fara sanar da kashi 38, bayan 'yan kwanaki hukumar ta gano kuskure wajen duba wasu takardu, ta mai da shi kusan kashi 63. To, jama'a, ilmin al'umma ba ya ninkuwa cikin shekara bakwai, balle cikin mako guda. Idan adadi ya yi irin wannan tsalle, sai mai hankali ya binciki mudun kafin ya yabi gonar ko ya zage ta.

Ni kaina nakan karɓi ɗalibi a ajin farko na jami'a, takardarsa na nuna ya ci Hausa da kyau, in ba shi shifta, ya kasa bambanta ƙ da k, ya kasa raba kalmomi. Ba na ganin laifinsa. An koya masa yadda ake cin jarrabawa, ba a koya masa karatu ba, kuma tun yana aji uku na firamare aka yi masa wannan ta'asa.

Ga ma'aikatan ilmi da ke nan, roƙona shi ne wannan. Biya wa yara kuɗin jarrabawa a shekarar ƙarshe taimako ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da zai sauya sakamako shi ne wanda aka kashe shekara goma kafin ranar: kan malamin firamare, da littafin karatu cikin harshen da yaro yake ji, da sufeton da zai shiga aji ya zauna. Kuma muddin ana auna shugaban makaranta da yawan waɗanda suka ci kawai, to an nuna masa hanyar maguɗi ke nan.

Ku kuma ɗalibai, takarda za ta kai ku bakin ƙofa, ba za ta yi muku aikin da ke ciki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magabatan da suka fito daga Katsina ba su da yawa, amma abin da takardarsu ta faɗa game da su gaskiya ne. Wannan gaskiyar ce ya kamata mu maido, ga yara masu yawa, ba ga 'yan ƙalilan ba.