Control: wasan bidiyon da ya buɗe wa gaibu dosiye a ofishin gwamnati

Control wasan bidiyo ne na faɗa da abubuwan gaibu, wanda kamfanin Remedy Entertainment na ƙasar Finlan ya ƙera, kamfanin 505 Games na Italiya kuma ya fitar da shi kasuwa ranar 27 ga Agusta 2019. Da farko ya fito a PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta, sannan ya iso PlayStation 5 da Xbox Series a watan Fabrairu 2021. Mikael Kasurinen ne ya jagoranci aikin, Sam Lake kuma na cikin waɗanda suka rubuta labarin. Remedy, da aka kafa a 1995, shi ne ya yi Max Payne a 2001 da Alan Wake a 2010.

Yawancin wasannin ban tsoro kan kai mutum maƙabarta ko kangon gida ko daji da tsakar dare. Wannan kuwa ma'aikatar gwamnati yake shigar da shi, mai tebura da kabad-kabad na takardu da hoton shugaba a bango.

Labarin

Mai wasa yana riƙe da wata mata mai suna Jesse Faden, wadda ƴar wasan Amurka Courtney Hope ta ba murya da kamanni. Shekaru 17 kafin buɗewar labarin, ita da ƙanenta Dylan sun tsinci wata na'urar haska hoto a juji a garinsu. Na'urar ta buɗe ƙofofi zuwa wasu duniyoyi, manyan garin suka ɓace, jami'an wata hukumar sirri suka tafi da Dylan. Tun daga lokacin take neman wannan hukuma, har ta same ta a birnin New York, cikin wani dogon gini na siminti mara taga da ake kira Tsohon Gida. Ginin yana tsakiyar gari, amma ba mai lura da shi sai wanda ya zo nemansa.

Ranar da ta shiga, ta tarar da shugaban hukumar, Zachariah Trench, kwance a ofishinsa ya mutu, bindigarsa a gefe. Ta ɗauki bindigar, kuma a dokar wurin duk wanda bindigar ta amince da shi ya zama shugaba. Ke nan wadda ta zo tuhumar hukuma ta wayi gari ita ce ke shugabantarta, kuma ta gaji bala'in da ke ciki: wani abu da ake kira Hiss, mai kama da amo da jan haske, ya kutso ginin yana hawan mutane kamar yadda ake cewa iska ta hau mutum. Wasu ma'aikatan sun koma mayaƙansa. Wasu suna rataye a sama ba igiya, da tufafin aikinsu, suna ta maimaita wasu kalmomi da murya ɗaya.

Inda daɗin yake

Aikin hukumar shi ne tattara kayan yau da kullum da gaibu ya taɓa, ta ba su lamba, ta rubuta rahoto a kansu, ta kulle su. Akwai firij da dole wani ya zauna yana kallonsa dare da rana, don in aka ɗauke ido ya yi ɓarna, kuma mai wasa yana tarar da ma'aikacin da aka manta a gabansa ba a zo an canje shi ba. Akwai agwagwar roba ta wasan yara da ke bin mutane. An hana shigo da wayar salula da sauran na'urorin zamani, don ginin ba ya jituwa da su, saboda haka da keken rubutu da kaset da bututun aika wasiƙa ake aiki.

A ko'ina akwai takardu da mai wasa zai iya ɗauka ya karanta, an shafe rabin layukansu da baƙin tawada. Wata rahoton mutuwar jami'ai ce, wata kuma ƙorafin ma'aikaci ne cewa banɗaki ya ɓace don ginin ya sauya fasali. Duk wanda ya taɓa yin safa da marwa tsakanin ofisoshi yana neman sa hannu ɗaya zai gane barkwancin: abin da ya fi ƙarfin hankali ya auku, hukuma kuwa tana tambayar ko an cike fom. A nan wasan ya fi takwarorinsa, kuma wanda ya wuce takardun da gudu ya bar rabin abin da ya biya kuɗi dominsa.

Sai kuma Ahti, dattijon mai shara, mutum na farko da Jesse ta haɗu da shi. Ya ɗauke ta a matsayin mataimakiyarsa, kuma ko bayan ta zama shugaba bai daina aikenta ƙona shara da gyaran famfo ba. Yana magana da karin maganar Finlan da ya juya kalma da kalma zuwa Ingilishi, har sauran ba sa gane inda ya dosa. Ɗan wasan Finlan Martti Suosalo ya samu kyautar BAFTA ta Ingila a 2020 saboda wannan rawa.

Yadda ake faɗan

Bindiga ɗaya ce, amma tana sauya siffa: ƙaramar bindiga, mai watsa harsashi, mai ruwan wuta, mai huda daga nesa. Ba a tsintar harsashi, da kanta take cika in an ɗan dakata. Ƙarfin Jesse na gaske kuwa daga kayan gaibu take samunsa. Wani tsohon faifan kwamfuta ya ba ta ikon ɗaga abu ba tare da ta taɓa shi ba, ta jefa. Dokin wasan yara ya ba ta zillewa, akwatin ajiyar kuɗi ya ba ta garkuwa, akwatin talabijin ya ba ta tashi sama. Kujera, tebur, tukunyar kashe gobara, duk makamai ne, in babu komai kusa sai ta ɓalle gutsuren siminti daga bango. Bayan kowane artabu ofishin yakan zama kamar kasuwar da guguwa ta bi ta kanta, takardu na yawo a iska.

Wasan ba ya son mai laɓewa. Lafiyar Jesse ba ta dawowa da kanta, sai ta je inda abokin gaba ya faɗi ta kwashi abin da ya zubar, don haka dole a riƙa kutsawa gaba, ana harbi har bindiga ta huce, a koma jifa, a dawo harbi. Wanda ya saba da wasannin soja na ɓuya bayan bango zai sha kashi a awannin farko. Labarin kansa yana cin awa 10 zuwa 15, ayyukan gefe kuma suna iya ninka wannan.

Yabo da suka

Shafin IGN ya zaɓe shi wasan shekarar 2019. A bikin The Game Awards na wannan shekara an sa sunansa sau takwas cikin jerin ƴan takara, ya ci na tsara hoto, babbar kyautar kuma ta tafi ga Sekiro na Japan. An yaba masa kan ginin kansa, wanda aka kwaikwayo daga salon gine-ginen siminti tsirara, musamman wani dogon bene mara taga na kamfanin tarho AT&T a Manhattan.

Sukar ma tana da tushe. Taswirar da ke cikin wasan ta ɗora hawa kan hawa har ba a gane ta, allunan da ke jikin bango sun fi ta amfani. In Jesse ta mutu, wani lokaci daga nesa ake mayar da mutum, ya sake doguwar tafiya kafin ya iso inda aka kayar da shi. A PlayStation 4 ta farko hoton yakan yi tsaitsaye in faɗa ya yi zafi. A watan Agusta 2020 kamfanin ya ƙara wani tsari na sauƙaƙawa, wanda har yana iya hana Jesse mutuwa gaba ɗaya, ga mai son labari ba wahala.

Kuɗin da aka kashe wajen ƙera shi bai kai Yuro miliyan 30 ba, wato ƙasa da miliyar 20 na sefa, abin da ake gani kaɗan ne a wannan sana'a. A watan Fabrairu 2024 Remedy ya sayi haƙƙin wasan daga 505 Games kan Yuro miliyan 17, lokacin an sayar da fiye da kwafi miliyan 4.

Ga mai niyyar saye

Nau'in da ake kira Ultimate Edition ya haɗa da ƙarin babi biyu na 2020, The Foundation da AWE, wanda na biyun ya haɗa labarin da na Alan Wake. Mutum ɗaya ke buga shi, ba kamar ƙwallon da ake karawa biyu-biyu a ɗakunan wasa ba. Yana da fassarar Faransanci, abin da ke da muhimmanci a wasan da karatu ya yi yawa haka. Sauke shi a kwamfuta yana cin wajen jiga 40, sai a yi lissafin kuɗin intanet tukuna. Nau'in Nintendo Switch kuwa ba ya aiki sai da intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa, don daga nesa ake aiko hoton.

Hukumar PEGI ta Turai ta ware shi ga masu shekara 16 zuwa sama. Akwai harbi da jini da zagi, kuma tun a mintunan farko ana nuna gawar mutumin da ya harbe kansa, abin da ya kamata iyaye su sani kafin su miƙa wa yaro.