Magarya a Kwarin Dabaga

Magarya itace ce mai ƙaya, gajeriya, mai ƙananan ganyaye masu sheƙi a sama da fari-fari a ƙasa. Masana tsirrai suna kiranta Ziziphus mauritiana, kuma tana fitowa tun daga Senegal har Indiya. A ƙasar Abzin ba ta hawa kan duwatsu, ƙoramu take bi, inda saiwarta mai zurfi ke cim ma damshin da ke ƙarƙashin rairayi. Dabaga, wadda ke arewa maso gabas da Agadas a tazarar kimanin kilomita 50, tana bakin ƙoramar Telwa ne, kuma a irin wannan kwari ake samun magarya tare da 'yar'uwarta kurna, da goriba, da aduwa, da gawo. Ruwa na gudana a Telwa 'yan kwanaki ne kawai a damina, amma abin da ya nutse cikin ƙasa yana ciyar da waɗannan itatuwa shekara cur.

Magarya ta riga garka zuwa kwarin. Makiyayan Abzinawa sun daɗe da saninta a matsayin abincin awaki da raƙuma, domin ganyenta na jimawa bayan ciyawa ta ƙone. 'Ya'yanta kan nuna da shigowar sanyi, su juye daga kore zuwa ruwan ɗorawa, sannan su yi ja su yanƙwane. Yara da mata ke tsintarsu, a kaɗa reshe da sanda a tattara abin da ya zubo. Ba su da tsoka da yawa, ƙwallo ne ya cinye cikin, sai dai idan sun bushe suna yin watanni ba su lalace ba, kuma a ƙasar matafiya wannan ya fi zaƙi daraja.

Daga busassun 'ya'yan ake yin akkuri. Ana zuba su a turmi a daka a hankali yadda ɓawo da tsoka za su zama gari ba tare da ƙwallon ya fashe ba, a tankaɗe, a yayyafa ruwa kaɗan, a danna garin cikin ɗan ƙoƙo ya ɗauki siffa, sannan a turara. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai ruwan ƙasa, mai zaƙi da ɗan tsami, wanda ba ya buƙatar sukari ko mai. Har yau ana sayar da shi a kasuwannin Nijar. Irinsa ne guzurin da ya dace da ƙasar da ayarin gishiri ke fita daga cikinta zuwa Fachi da Bilma, ya dawo ya gangara Damagaram da Kano.

Noman garka a Abzin tsoho ne. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ƙasar zuwa Agadas a 1850, ya tarar ana noma a kwarin Awderas. A gargajiyance, akan jawo ruwa daga rijiya da sa ko raƙumi, guga na fata ya juye cikin kwalbatin itace, ruwan ya bi hanyoyinsa zuwa fangalin alkama da masara. A wannan tsari aikin magarya tsaro ne: rassanta masu ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, suna cikin abin da ake yin shingen da ke hana awaki shiga shuka. Itacenta kuma yana yin ƙota da gawayi mai kyau.

An fi sanin darajarta a shekarun wuya. Bayan tawayen da Kawsan ya jagoranta a kan Faransawa daga 1916 zuwa 1917, sojojin Faransa sun kwashe mutane daga duwatsun Abzin, garake da yawa suka koma kufai. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya kashe dabbobi masu yawa, ya tura makiyaya haƙa rijiya da noman rani. A kowane ɗayan waɗannan lokuta itatuwan da ba wanda ya shuka, magarya da aduwa da goriba, suna cikin abin da ya tsaya tsakanin talaka da yunwa. Abin takaici ne cewa tarihin yankin ya fi ba da labarin dabino da albasa, waɗanda ke kawo kuɗi, ya bar su a gefe.

A wajen magani, kusan kowane sashe nata yana da aiki. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ana dafa saiwa ko sassaƙe don ciwon ciki da zawo, ana dandaƙa ganye a ɗora a kan maruru da miki. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya tattara irin waɗannan bayanai a littafinsa na tsirran Afirka ta Yamma da ya fito a 1937. A Abzin kuwa, tsofaffin mata ne galibi ke riƙe da ilimin itatuwa, suna gadonsa daga uwa zuwa 'ya, kamar yadda mai bincike Susan Rasmussen ta bayyana a littafinta na 2006 game da masu maganin yankin Dutsen Bagzan. Addini ma ya ba ta matsayi. Hadisi ya zo da wankan gawa da ruwa da ganyen magarya, kuma masu ruƙiyya suna amfani da ganyenta guda 7. Binciken zamani ya tabbatar da yawan bitamin C a 'ya'yanta, amma yawancin sauran amfanin da ake ambata ba a gwada su a asibiti ba, don haka ciwo mai tsanani ba na saiwa kaɗai ba ne.

Ƙasar Sin tana da tata magaryar, Ziziphus jujuba, mai jure sanyi, mai manyan 'ya'ya jajaye. Can ilimin ya shiga takarda da wuri. Zhang Zhongjing, likitan da ya rayu a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200, ya sa 'ya'yanta cikin haɗe-haɗensa da yawa tare da citta, ya kuma rubuta haɗin ƙwayar wata magarya mai tsami don rashin barci, wanda ake sha har yau. Babban kundin magunguna na Li Shizhen, da aka buga a 1596, ya sake tattara bayanin. Bambancin da ke tsakanin Sin da Abzin na ajiya ne: can an rubuta awo da haɗi an bar wa na baya, nan kuwa tsohuwa kan rasu da abin da ba ta samu wadda za ta koya wa ba.

Sabon babin magarya a Nijar ya fara ne a farkon shekarun 2000, lokacin da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ƙarƙashin aikin Dov Pasternak, ta yaɗa auren magaryar gida da irin Indiya kamar Gola da Umran. Saiwar ta gida ce mai jure fari, reshen na waje ne, kuma 'ya'yan kan kai girman ƙaramin tumatir, ana cin su ɗanye. Irin wannan yana son ban ruwa da sassabe kowace shekara, ƙudan 'ya'yan itace kuma na yi masa ɓarna, saboda haka ya fi dacewa da garka mai rijiya irin ta kwarin Telwa, inda injin ban ruwa ya maye gurbin sa da raƙumi a wurare da yawa. A Damagaram kuma, kamfanin Sahara Sahel Foods, da aka kafa a 2014, yana sayen magaryar daji daga hannun mata masu tsinta, yana sarrafa ta gari da biskit.