Daga Ayari Zuwa Jami'a: Ina Ake Koyon Ciniki?

Ya kai mai karatu, in ɗanka ya ce yana son shiga makarantar koyon ciniki, kada ka yi saurin sayar da tumaki. Zauna tukuna ka ji tarihin Arlit.

Tun kafin zuwan Nasara mutanen Abzin fatake ne. Kowace shekara ayarin raƙuma kan kai gero Fashi da Bilma, ya ɗauko gishiri da dabino, a gangara da su Damagaram da Kano. A zamanin nan ayari shi ne makaranta. Uba ba ya miƙa ɗansa ga kowane madugu, sai ya bincika amanarsa, da yaran da suka tashi a hannunsa. Yaro kan fara da ɗaurin kaya, ya koyi awo, ya koyi tayi da sallamawa, kana a ba shi jari.

A 1957 Faransawa suka gano ƙarfen uraniyum a Azelik. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, garin Arlit ya tsiro a tsakiyar hamada. A 1974 aka kafa COMINAK a Akokan. Ma'aikata na karɓar albashi kowane wata, ga shi wurin ba a noman damina. Gero da shinkafa da tufafi duk sai an kawo daga nesa. Sai 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga kudu, balle da aka shimfiɗa kwalta daga Tawa.

Amma daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, kasuwa ta yi sanyi. Ran 31 ga Maris 2021 kuma COMINAK ta daina haƙa, ɗaruruwan mutane suka rasa aiki. Mai kantin da ya dogara ga albashin ma'aikata kaɗai, bai kuma iya rubuta bashi ba, shi ya fi jin jiki. Ciniki na yau sai da alƙalami.

To, ina za a koya? Makarantar EMAIR ta Agadas aikin ma'adinai take koyarwa. A Tawa kuwa, a 2008 gwamnati ta buɗe makarantar IUT mai sashen dabarun kasuwanci, a 2010 aka kafa jami'a a garin. Sai wanda ya ci jarrabawar bak ake ɗauka. A Yamai ma akwai makarantun kuɗi masu yawa.

Kafin ka biya ko dala, yi binciken da kakanninmu kan yi wa madugu. Gwamnati ta yarda da takardar shaidar makarantar? Ana tura ɗalibi kanti ko kamfani ya gwada da hannunsa? Waɗanda suka gama bara, ina suke yau? Je ka gan su da idonka, ka tambaye su. Matambayi ba ya ɓata.