Ƙarancin Jini da Janyewar 'Yan Mata Daga Wasanni a Makarantun Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar nan ta yi bitar rahotannin lafiya da ƙa'idojin hukumomin wasanni domin gano abin da ke raba 'yan mata da fili da zarar sun balaga. Matsayarta ita ce, an cika ɗora laifin a kan sutura da al'ada, an kau da kai daga ƙarancin jini, alhali shi ne matsalar da ta fi sauƙin ganowa da magancewa.

Gabatarwa

A 2025 Super Falcons, 'yan ƙwallon ƙafa mata na Nijeriya, sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Maroko, takwarorinsu D'Tigress kuma suka lashe gasar ƙwallon kwando ta nahiyar karo na 5 a jere. Waɗannan nasarori na 'yan ƙalilan ne. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 146, ya nuna cewa kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jiki na minti 60 a rana.

Batun sutura ya yi sauƙi. Tun 2014 aka amince da buga ƙwallon ƙafa da hijabi, ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017.

Abin da ke faruwa a jiki

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Sinadarin ƙarfe ne jigon himogulobin da ke cikin jini, mai ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa tsoka. Yarinyar da ta fara al'ada tana asararsa duk wata, ga jiki yana girma, ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna ƙara zaftare shi. Gudu ma yana cin nasa rabon ta hanyar gumi da fashewar jajayen ƙwayoyin jini a tafin ƙafa.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Ɗalibar da bara ta zo ta ɗaya a tseren mita 400, bana tun kafin rabin zagaye ta dafe ƙirji tana haki, jiri na ɗibarta. In an ja fatar idonta ta ƙasa, sai a ga ta yi fari fat, haka ma tafin hannunta. Malamin wasanni ya ce lalaci ne, a gida a ce girma ya zo, ita kuma ta koma gindin bishiya tana tsaron jakunkunan ƙawayenta. A ganin marubucin nan, a nan ne ake asarar 'yan wasa, kuma asara ce da ba ta da hujja ko kaɗan.

Akwai wata alama da ake ɗauka da wasa: ɗaukewar al'ada ga mai yawan atisaye. Tun 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya bayyana ta cikin alamomin cewa abincin da ɗan wasa ke ci bai kai ƙarfin da yake ƙonewa ba, lamarin da ke raunana ƙashi. Kunya kan hana yarinya faɗa wa malami namiji, don haka maganar ba ta fita.

Shawarwari

Gwajin himogulobin ɗigon jini ɗaya yake buƙata daga ɗan yatsa, kuma duk macen da ba ta da juna biyu, in nata ya gaza giram 12 a kowace desilita, tana da ƙarancin jini. Hanta, wake, zogale da alayyahu, masu ɗauke da sinadarin ƙarfe, suna nan a kasuwanninmu. Lemo yana taimaka wa hanji tsotse sinadarin, shayi kuwa a kan abinci yana rage shi. Ana kira ga ma'aikatun ilimi da na lafiya na jihohin Arewa da su wajabta wannan gwaji kafin gasar gidaje ta kowace shekara, su kuma sanya malama mace a kowane filin da 'yan mata ke atisaye.